Bororon da Ba Wuta Ta Kawo Shi Ba: Nasiha ga 'Ya'yana na Jos

 

Nasihata ta yau a kan wani ciwon fata ce wanda ba kasafai ake ganinsa ba, amma duk gidan da ya shiga sai ya girgiza shi. Bororo ne ke fitowa a jikin mutum haka kawai, alhali wuta ba ta taɓa shi ba, ruwan zafi bai zubo masa ba. Ya ɗuri ruwa, ya fashe, fata ta saluɓe, wurin ya koma ɗanyen nama. Kafin wannan ya bushe, wani ya fito a gefensa. Mako ya bi mako, wata ya bi wata, abu sai gaba yake yi. Ga abin da nake so ka riƙe tun daga farko, ɗana: ciwon nan yana da suna, yana kuma da magani. Abubuwa biyu ne suka fi halaka masu shi, wato jinkirin zuwa wurin wanda ya san shi, da wasa da maganinsa bayan an samu.

Nau'in da ya fi tsanani likitoci suna kiransa femfigus, kuma ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, mace ko namiji. A wurin fiye da rabin masu shi, a baki yake farawa. Sai mutum ya ji cikin kumatunsa ya ɗaye, dasashi ya yi ja, ganɗa tana raɗaɗi. Ya bar cin tsire da duk abin da ke da yaji. Bayan 'yan makonni tuwo ma ya gagare shi, ya koma kunu, kunun ma in ya kurɓa sai hawaye. A gida a ce zafi ne ya yi masa yawa. A kemis a ce infekshan ne, a ba shi kafso da ruwan kurkure baki. Ya sha, ya ƙare, ya sake saye. Yana ramewa, maƙwabta sun fara raɗe-raɗin ko ƙanjamau ne. Sai bayan watanni bororo ya ɓulla a fatar kai, ko ƙirji, ko gadon baya, ko hammata. Duk waɗannan watannin da aka ɓata, da an je wurin masani da an tare ciwon tun yana baki. Saboda haka, 'yata, duk gyambon bakin da ya wuce mako uku bai warke ba, ki kai shi gaban likita, ko na fata ko na haƙori, kada ki tsaya jiran ya fito a jiki.

To me ke faruwa a cikin jikin? Ka dubi ginin bulo. Kowane bulo siminti ne ke riƙe shi da ɗan'uwansa, ginin duka kuma yana zaune a kan harsashi. Haka fatar mutum take: ƙananan ƙwayoyin halitta ne jere bisa jere, akwai sinadarin da ya manne su da juna, akwai kuma wanda ya kafa su a kan abin da ke ƙasa. Allah Ya yi wa jiki garkuwa domin ta kare shi daga ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo garkuwar ce take kuskure, ta riƙa ƙera sinadaran da ke cinye abin da ya manne fatar mai ita. Idan simintin da ke tsakanin bulo da bulo ta ci, shi ne femfigus: bororonsa saɓa-saɓa ne, ba ya jure taɓawa, sau da yawa ma ba ka iske shi, sai dai ka iske wurin da ya fashe. Idan kuwa mahaɗar gini da harsashi ta ci, shi ne femfigoyid: bororonsa a cike yake tam, yana iya kwana biyu ko uku bai fashe ba.

Wannan sani bai daɗe a duniya ba. A 1953 wani likitan fata a Amurka, Walter Lever, ya rarrabe femfigoyid da femfigus, ya nuna ciwo biyu ne daban. A 1964 kuma wasu masu bincike biyu a birnin Buffalo, Ernst Beutner da Robert Jordon, suka gano sinadaran garkuwar a cikin jinin masu femfigus. Tun daga nan aka tabbatar cewa daga cikin jikin mutum ciwon yake tasowa. Ba a ɗaukarsa a masai, ba a ɗaukarsa a kwanon abinci, ba a ɗaukarsa a shimfiɗar aure. Halittar da mutum ya gada tana iya sa ya fi wani saurin kamuwa, wasu magunguna kuma suna iya tayar da shi, kamar wani rukuni na magungunan ciwon suga da ake kira giliftin, da wasu na hawan jini. Shi ya sa in za ka asibiti, ka tattara duk abin da mara lafiya yake sha, na Bature da na gargajiya, ka zuba a leda ka tafi da shi.

Femfigoyid ciwon tsofaffi ne, ya fi yawa bayan shekara 70. Yakan fara da ƙaiƙayi mai hana barci, da jan tabo kamar na borin jini, makonni ko watanni kafin bororo ya fito a cinya, ciki ko damtse. Idan kakarku tana sosa jiki dare da rana, an ba ta maganin ƙazuwa bai yi ba, an canza sabulu bai yi ba, kada ku ce tsufa ne. Akwai kuma wani nau'in femfigus na sama-sama, wanda ba ya taɓa baki, sai dai fuska da ƙirji da baya su riƙa yin ɓawo suna ɗayewa. An san shi da yawa a karkarar Burazil da kuma Tunisiya. A 1996 likitoci a Bamako ta ƙasar Mali suka ba da rahoton cewa yawancin masu femfigus da suka duba wannan nau'in ne da su, kuma galibinsu mata ne. Ka ga ke nan ciwon yana nan a Afirka ta Yamma, a jikin mutane irinmu. Yara ma suna da nasu, wanda bororo ke jeruwa zagaye a mara, cinya da gefen baki. Mai juna biyu tana da nata, mai farawa da ƙaiƙayi a kewayen cibiya. Akwai wanda ke kama ido, kuma in aka yi sakaci yana makantarwa.

Sai dai ba kowane bororo ne wannan ciwo ba, kuma nan ne ido ke yaudarar mutum. Ƙarambau yana kawo ƙuraje masu ruwa. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017, ita ma haka, kuma dukansu biyu suna yaɗuwa. Akwai ƙurajen yara masu ɓawo rawaya, waɗanda ƙwayar cuta ke kawowa. Mafi haɗarinsu shi ne wanda magani ke jawowa. Mutum ya fara shan Septrin, ko Fansidar, ko wani maganin farfaɗiya, bayan kwanaki ko 'yan makonni sai zazzaɓi ya rufe shi, ido ya yi ja, leɓe ya farfashe, fata ta fara saluɓewa. Wannan ba ya jiran gari ya waye. A dakatar da maganin, a ɗauki kwalinsa, a tafi asibiti a daren. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan maganinsa daban, kuma abin da ke warkar da wani yana iya tsananta wani. Wanda ke tsaye a bayan kanta a kemis, komai kirkinsa, ba shi da abin da zai rarrabe su.

Mu mutanen Jos Allah Ya hutar da mu doguwar tafiya. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, ga Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ga Jankwano, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham. Mutane suna tasowa daga Mangu, Pankshin, Shendam, har daga jihohin Bauchi da Nasarawa, domin su zo inda kai kuɗin Keke Napep ne kawai tsakaninka da shi. Idan ka fara da ƙaramin asibitin unguwa, babu laifi, amma in an yi mako biyu babu sauƙi, ka roƙa cikin ladabi a rubuta maka takardar zuwa wurin likitan fata. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan roƙo.

Ga abin da za ka tarar a can, domin kada tsoro ya kore ka. Likita zai duba jiki duka, har cikin baki, ido da al'aura, don haka a shirya wa wannan, mace kuma tana da damar neman a sa mata ma'aikaciya a kusa. Zai iya ɗora yatsa a kan fatar da ke kama da lafiyayya ya murza a hankali. In ta zame ta ɗaye, alama ce da wani likitan Rasha mai suna Nikolsky ya bayyana tun 1896, kuma har yau ana aiki da ita. Daga nan sai babban gwajin, wanda suke kira bayofsi. Za a yi allurar kashe zafi a gefen sabon bororo, a ɗebi 'yar fata wadda faɗinta bai wuce milimita 4 ba, a yi ɗinki ɗaya ko biyu, a rufe. Aikin 'yan mintoci ne. Ita za a duba a madubin likita a ga daidai inda fatar ta rabu. Akwai gwaji na biyu da ake haska fatar da wani haske na musamman domin a ga sinadaran garkuwar a inda suka maƙale, akwai kuma na jini. Waɗannan ba kowane asibiti ke yin su ba, wani lokaci sai an aika wani gari, kuma suna da tsada. In likita ya nema kuma da hali, a yi. Na sha jin dangi suna cewa, "Mutum yana fama da ciwo, kuma a ce za a yanke shi?" Ɗana, wannan 'yar fatar ita ce za ta faɗi sunan ciwon, kuma a kanta za a gina maganin shekara ɗaya ko biyu ko fiye.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka duka. Kafin a samu magungunan da ake kira sitiroyid a wajajen 1950, kusan uku cikin huɗu na masu femfigus mai tsanani mutuwa suke yi. Yau, inda ake samun kulawa yadda ya kamata, waɗanda ke rasuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Babban maganin shi ne firednisolon. Likita yana auna shi da nauyin mara lafiya, ya fara da mai yawa har sabon bororo ya daina fitowa, sannan ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin watanni. Ni'ima ce babba. Amma wannan ƙwayar da 'yar'uwarta deksa su ne dai ake sayarwa barkatai, su ne wasu 'yan mata ke sha domin ƙiba, danginsu ne kuma ke cikin man shafawa mai haɗi uku da na bilicin. Mai bororo in ya saya ya sha, zai ga sauƙi cikin kwanaki, ya ce ya samu magani. Ya daina, ciwo ya dawo da ƙarfinsa. Ya koma, ya ƙara yawa. Ranar da zai isa gaban likita, kamannin ciwon sun sauya, fuska ta kumbura, suga ya hau, jini ya hau, gyambon ya cika da mugunya.

Ko a hannun likita maganin nan yana da nauyi. Yana iya tayar da ciwon suga da hawan jini, ya raunana ƙashi, ya kawo gyambon ciki da yanar ido, ya hana barci, ya kuma rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Shi ya sa kafin a fara, ko da farawa, ake auna suga da jini, a yi gwajin ciwon hanta, tarin tibi da ƙanjamau. Kada ka ji an ce a yi waɗannan gwaje-gwaje ka ɗauka zargi ne. Ciwon hanta nau'in B yana kwance a jikin mutanenmu da yawa ba su sani ba, kuma in aka danne garkuwa ba a tsare shi ba, yana iya farkawa ya yi kisa.

Bayan kashedin sayen maganin barkatai, ga na biyu wanda ya fi shi: kada ka yanke maganin nan da kanka. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki nasa sinadarin mai kama da wannan ƙwaya. Idan mutum ya yi makonni yana shan firednisolon, sai su rage aiki. In ya tsaya rana ɗaya, jiki ya rasa na waje ya rasa na ciki, sai amai, jiri, faɗuwar jini, wani lokaci har rai. Fata ta yi kyau, kada ka tsaya. Kuɗi sun kusa ƙarewa, ka koma asibiti tun da sauran ƙwaya a hannu ka faɗa musu gaskiya. Wani ya ce maka ka ajiye na Bature ka gwada nasa, ka ce masa a'a. Azumi ya zo, na Ramadan ne ko na coci, ka tambayi likita yadda za ka tsara sha, ka kuma tambayi malaminka rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya.

Domin a rage yawan sitiroyid, likita yakan haɗa da wani magani, kamar azatiyofirin ko maikofenolet, kuma waɗannan suna buƙatar gwajin jini a kai a kai. 'Yata, in kina da ciki, ko kina shayarwa, ko kina neman haihuwa, ki faɗa tun kafin a rubuta, domin maikofenolet yana illata ɗan tayi. Wasu nau'o'in, musamman na yara, dafson ake ba su. Da shi ake maganin kuturta, don haka in ka gan shi a takarda kada gabanka ya faɗi, aikinsa ya fi ɗaya. Sai dai a fara gwajin jini da ake kira G6PD, saboda maza da yawa a ƙasar nan jininsu ba ya jure shi. Tsoho mai femfigoyid kuwa, sau da yawa man shafawa mai ƙarfi irin kilobetasol ya ishe shi, ko ƙwayar doksisaikilin, bisa tsarin likita. Akwai kuma ritukzimab, wanda ake sawa ta ƙarin ruwa. Wani bincike da aka yi a Faransa a kan mutum 90, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa bayan shekara biyu kashi 89 cikin 100 na waɗanda aka ba shi sun warke har sun daina shan magani, alhali a cikin waɗanda suka sha sitiroyid kaɗai kashi 34 ne. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi domin femfigus. Yana da tsada ƙwarai, amma ka tambayi likitanka a kansa.

Sauran aikin na gida ne, kuma a nan ake gane masu ƙaunar mutum. Ka dubi safiyar mai wannan ciwo. Ya kwana a gefe guda, ruwan gyambo ya bushe, riga ta manne da baya. Mai gaggawa zai fizge, ya tafi da fatar da ta fara haɗuwa. Mai haƙuri zai wanke hannu da sabulu, ya kawo ruwan da aka tafasa ya huce ya zama ɗumi, ya jiƙa rigar a hankali har ta saki da kanta. Sannan ya shafa basilin a kan bandeji mai tsabta ya rufe wurin, ba tare da manna filasta a kan fata ba. Kada a sa toka, ko baƙin mai, ko man goge baki, ko garin kafso, ko wani haɗi da ba a san abin da ke ciki ba. Fatar da ta buɗe ƙofa ce, kuma ƙwayar cutar da ta shiga jini ta nan ita ce ta fi kashe masu ciwon. In ka ga zazzaɓi, ko wari, ko mugunya, ko mara lafiya ya fara sambatu, a koma asibiti nan take.

Garinmu yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma kowa ya san sanyin Disamba da Janairu. Fata ita ke riƙe ɗumin jiki da ruwansa, don haka wanda tasa ta saluɓe yana jin hunturu fiye da kowa. A sa masa tufafin auduga masu laushi a ciki, bargo a sama, kada ulu ya taɓa gyambo. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa cikin barci. Ya yawaita shan ruwa. Abinci kuma a ba shi mai laushi, mara yaji, mara tsami, wanda ya huce: gwaten acca, faten dankalin Turawa, dafaffen ƙwai, madara, kifi, wake da ya nuna luguf. Jiki yana zubar da abin gina shi ta gyambon, sai an mayar masa. A ajiye asuwaki har baki ya warke, a koma buroshi mai laushi irin na yara. Mai shan sitiroyid ya rage gishiri da sukari.

Akwai ciwon da ya fi na fata zafi, shi ne gudun da mutane ke yi. A ware masa kwano da buta. Kishiya ta janye 'ya'yanta. Miji ya ce ta tafi gida sai ta warke. A fara nuna wata tsohuwa da yatsa ana cewa ita ta yi jifa, zumuncin shekara da shekaru ya watse a kan abin da babu hannun kowa a ciki. Ku ji tsoron Allah. Na faɗa, ina kuma maimaitawa: femfigus da femfigoyid ba sa yaɗuwa. Ku ci tare da shi, ku zauna kusa da shi. Shi ne ma ke cikin haɗari daga gare ku, saboda maganinsa ya rage masa garkuwa, don haka mai tari ko mai ƙarambau ya dakata da zuwa dubiya. Addu'a kuwa a yi ta ba dare ba rana, a masallaci da coci, a haɗa ta da shan magani a kan lokaci. Tabon da gyambo ke bari, baƙi ko fari, yawanci yana dishewa da tafiyar watanni.

Jinyar nan doguwa ce, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dangi su zauna tun farko su raba nauyi: wane zai riƙa sayen magani, wance za ta riƙa wanke gyambo, wane zai riƙa raka shi asibiti ranar da aka ba shi. A nemi rajista da hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, ko ta tarayya, tun ana lafiya. Masu hali, ga wurin zakka da sadaka. A sayi ɗan littafi a riƙa rubuta sunan kowane magani, yawansa da ranar da aka canza shi, a tafi da shi duk inda za a ga likita. Mutane da yawa da suka bi wannan tsari sun koma kasuwa, gona da ofis, wasu a kan ƙwaya kaɗan, wasu sun daina gaba ɗaya da izinin likita. Ciwon yana iya dawowa, kuma in ya dawo, wanda ya koma da wuri shi ke samun sauƙi da wuri.

Saboda haka, ɗana, 'yata, in ka ga bororo ba ƙuna, ko gyambon baki da ya ƙi warkewa, a jikinka ko na wani naka, kada ka saya masa deksa, kada ka ɓoye shi a ɗaki, kada ka zargi kowa. Ka kama hannunsa ka kai shi wurin likitan fata, ka yarda a yi gwaji, ka tsaya masa har ƙarshen magani. Ka kuma isar da wannan magana ga maƙwabcinka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Amin.